Ƙasusuwan Kakanni da Wa'azin Tsoro

Manomin ƙasar Gwanja ko ta Dagwamba in yana huɗa, wani lokaci fartanyarsa takan tono ɗan dutse mai santsi, mai baki irin na gatari. Hausawan zango suna ce da shi gatarin aradu, don an daɗe ana gaskata cewa tsawa ce take jefo shi daga sama. Yau an san cewa hannun mutum ne ya wasa shi, tun ba a san ƙarfe ba a ƙasar. Ba a taɓa jin wanda ya bar bin Almasihu don an gaya masa haka ba. To, me ya sa in aka ambaci ƙasusuwan mutanen da, sai waɗansu masu wa'azi su firgita kamar an kunna wa majami'a wuta?

Akwai wa'azin da ake ji a waɗansu majami'u da filayen taro na Tamale, cewa ƙasusuwan nan ƙirar Turawa ne marasa tsoron Allah, ko kuwa Shaiɗan ne ya binne su don ya ruɗi masu bi, duniya kuma ba ta wuce shekara 6,000 ba. Jama'a su amsa da amin. Amma a cikin jama'ar akwai yaron sakandare wanda ran Litinin zai zauna a aji a koya masa akasin haka, har a tambaye shi a jarrabawa. An sa yaron nan tsakanin malaminsa da fastonsa, an ce ya zaɓa. Da yawa sukan yi shiru, su ci jarrabawa, su tafi jami'a, ba kuwa a ƙara ganinsu a sujada. Laifin wannan hasara yana kan wa'azin tsoro.

Ba sai an je Turai ba. A Ntereso, bakin Farin Kogin Bolta, yamma da Tamale, Oliver Davies na Jami'ar Gana ya tono tsohon ƙauye wajen 1961. Ya sami kibau na dutse da ƙugiyoyin kifi na ƙashi, na mutanen da suka zauna can fiye da shekara 3,000 da suka wuce. A Birimi, kusa da Gambaga, an sami ƙwayoyin gero da suka ƙone, masu kimanin shekara 3,500. A kogon Iwo Eleru kusa da Akure a Nijeriya, Thurstan Shaw ya tono ƙashin mutum a 1965, awon da aka sake yi a 2011 kuma ya ba shi kimanin shekara 13,000. Wannan kaɗai ya ninka lissafin mai wa'azi sau biyu. Awon kuwa ba duba ba ne. Kowane mai rai yana ɗauke da wani sinadari da ake kira kabon 14, in ya mutu rabinsa yakan ƙare a cikin shekara 5,730, sai a auna abin da ya saura. Abin da ya tsufa ainun kuma akwai waɗansu hanyoyin awonsa, kamar ta tokar dutse mai aman wuta da ta rufe shi.

Sai a dubi aikin Michel Brunet, malami a Jami'ar Poitiers ta Faransa. A zamanin da yawancin masana suka ɗauka cewa asalin ɗan'adam a gabashin Afirka kaɗai yake, inda aka sami Lusi a Habasha a 1974, shi sai ya nufi yamma. Ya yi shekaru yana nema a Kamaru bai sami abin da yake so ba, abokinsa Abel Brillanceau ma ya mutu da zazzaɓin cizon sauro a 1989. A 1995 aka sami muƙamuƙi mai fiye da shekara miliyan 3 a Koro Toro ta Chadi, ya sa masa suna Abel. Ran 19 ga Yuli 2001, wani matashi ɗan Chadi cikin ƙungiyarsa, Ahounta Djimdoumalbaye, ya ga ƙoƙon kai a rairayin hamadar Jurab. Aka sa masa suna Tumai, wato begen rai da harshen Goran, aka kuma ƙiyasta shekarunsa wajen miliyan 7.

In da makirci ne, ai da sauran masana sun tafa masa. Ina! Da ya buga rahotonsa a mujallar Nature a 2002, a shekarar nan waɗansu suka fito suka ce wannan ba kakan mutum ba ne, tsohon biri ne kawai. A 2020 waɗansu suka duba ƙashin cinyar da aka samu a wurin suka ce bai yi tafiya da ƙafa biyu ba. A 2022 waɗansu suka ce ya yi. Masu haɗa baki kan ƙarya ba sa tsiya da juna haka a bainar jama'a. Suna gardama kan matsayin ƙashin, amma ba wanda ya ce shekarunsa 6,000 ne.

Mai wa'azi zai kawo zancen Filtdawun. Gaskiya ne, a 1912 a Ingila an haɗa ƙoƙon kan mutum da muƙamuƙin biri aka ce kakan Turawa ne. Amma wa ya tona asirin a 1953? Masanan ne da kansu, da awo da gwaji. Ramin ƙarya ƙurarre ne. Gaskiya ne kuma an yi amfani da wannan ilimi wajen wulakanta baƙar fata. A 1906 an sa Ota Benga, mutumin Kwango, a gidan birai na gidan namun daji a birnin Niyok, fastoci baƙar fata ne kuwa suka tashi suka yi kuka. Wannan zunubi ne. Duk da haka ƙasusuwan nan su ne suka kunyata masu girman kai, gama sun nuna cewa Bature da Basine da Badagwambe duk daga Afirka kakanninsu suka fito, dangi ɗaya ne. Ashe ba abin da ikkilisiya take koyarwa ke nan ba tun farko?

Sa'an nan, shekara 6,000 ɗin nan a wace sura take? Ba ta cikin Littafin Farawa. Lissafin James Ussher ne, babban bishof a ƙasar Ailan, wanda a 1650 ya tara shekarun zuriyoyi ya ce an yi halitta shekara 4004 kafin haihuwar Almasihu. Masu buga littattafai suka riƙa sa lissafin a gefen shafi, har mutane suka ɗauka Maganar Allah ce. Mai karanta Farawa da natsuwa zai ga ba a halicci rana ba sai a kwana na huɗu, to da wane agogo aka auna kwana ukun farko? Zai ga kuma jerin halitta a sura ta ɗaya dabam yake da na sura ta biyu. Wanda ya jera su kusa da juna ba makaho ba ne. Abin da yake koyarwa shi ne, Allah ɗaya ne ya yi kome, ya yi shi da kyau, ya kuma ba mutum darajar da bai ba dabba ba. Augustin mai tsarki, bishof ɗan Afirka ta Arewa wanda ya rasu a 430, ya yi kashedi tun tuni cewa in Kirista ya yi zancen banza kan abin da marar bi ya sani sarai, har ya jingina shi ga Littafi Mai Tsarki, to Littafin ne za a yi wa dariya.

Paparoma Pius na 12 ya yarda a 1950 a bincika asalin jikin mutum, muddin an riƙe cewa kurwa daga Allah take kai tsaye. A 1996 Paparoma Yohanna Bulus na 2 ya ce hujjoji sun taru har zancen ya wuce zato. Teilhard de Chardin, wanda ya yi aiki kan ƙasusuwan mutumin Pekin a ƙasar Sin, fada ne. Louis Leakey ɗan mishan ne, an haife shi a Kabete ta Kenya. Masana kuwa ba su ce birin da ke ɓarnar masara a gona shi ne kakan kowa ba. Abin da suka ce shi ne, a can nesa jikin mutum da na manyan birai sun haɗa tushe. Wanda bai ji kunya ba da aka ce daga turɓaya aka yi shi, me zai ba shi kunya a nan?

Malamin makarantar da zai ɗaga hoton ƙoƙon kai ya ce wa yara ga shaidar babu Allah, shi ma ya wuce gona da iri. Ƙashi yana iya faɗin shekarunsa da yadda mai shi ya yi tafiya. Ba ya iya faɗin dalilin da ya sa aka yi mutum, ko abin da ya sa kisan kai zunubi ne. Amma ba a gyara kuskuren malami da ƙaryar mai wa'azi.

Tamale tana da makarantar horar da fadoci ta Victor mai tsarki, tana kuma da jami'ar da aka kafa a 1992. Ba abin da zai hana masu koyar da katikisim da fastoci su zauna da malaman kimiyya su ji abin da aka tono, kafin su hau bagade su hukunta shi. Rashin sani ya fi dare duhu. In yaro ya zo da tambaya kan Tumai ran Lahadi, kada a ce masa ya yi shiru ya tuba. A zaunar da shi, a buɗe Farawa tare, a gaya masa abin da aka sani, a kuma koya masa ya gode wa Allahn da shekara miliyan 7 ba kome ba ce a gare shi.