Kada Mu Zubar Da Ayabar Da Ta Yi Baƙi

Duk wanda ya shiga kasuwar Dutse ko ta Shuwarin lokacin bazara zai ga abin takaici. Ayaba daga Kudu ake kawo mana yawancinta, amma kwana kaɗan za ta yi cikin zafin nan sai ɓawonta ya yi baƙi. Mai saye ya kau da kai, mai talla ta koma gida da asara, a ƙarshe a watsa wa awaki. Mangwaro ma haka yake zuba a gindin bishiya yana ruɓewa. A ganina wannan almubazzaranci ne, kuma maganinsa yana hannunmu.

Ayabar da ta nuna luguf ita ce ta fi dacewa da yin burodi. Dalili kuwa shi ne, idan ayaba tana nuna, sitacin cikinta rikiɗewa yake yi ya zama sukari. Idan aka dame ta kuma, tana riƙe ƙullu kamar yadda ƙwai yake yi. Ke nan ba a bukatar ƙwai, ba a bukatar madara, sukari ma ɗan kaɗan ya isa.

Ga yadda ake yi. A dame ayaba 4, a zuba man gyaɗa rabin gwangwanin madara, da fulawa gwangwani 3, da bakin hoda ƙaramin cokali 2, da ɗan gishiri. A daka citta da kanumfari a barbaɗa. A cire ƙwallon dabino 10 a yayyanka, in lokacin mangwaro ne a sa shi ma. A juye a gwangwanin da aka shafe da mai, a yayyafa riɗi a sama. Wanda ba shi da tanda sai ya zuba yashi a tukunya, ya ɗora a kan gawayi, ya sa gwangwanin a ciki ya rufe. Bayan kamar minti 50 a soka tsinke; in ya fito a bushe, ya gasu.

Wani zai ce ai wannan abincin Turawa ne. Gaskiya ne burodin ayaba ya yi suna a Amurka a shekarun 1930, lokacin da matsin tattalin arziki ya hana mutane zubar da abinci. A Ingila kuma, a 1944 aka kafa ƙungiyar masu ƙin cin duk abin da ya fito daga dabba, su ne yau suke yin sa babu ƙwai. Mu ba aƙidarsu muke bi ba, domin Allah ya halatta mana nama da nono. Dabarar kawai za mu ɗauka. Ai funkaso da ƙosai ma iyayenmu sun daɗe suna yi babu ƙwai, ba wanda ya ce ba su da daɗi.

'Yan'uwana ɗalibai, ku duba kayan haɗin nan. Dabino na Dutse ne, har akwai tashar binciken dabino a garin. Riɗi da gyaɗa manomanmu suke nomawa, alkama kuma ana noma ta a kwarin Haɗeja. Tun 1991 da aka ƙirƙiro Jihar Jigawa muke sayar da amfanin gonarmu ɗanye, wasu su sarrafa su dawo mana da shi da tsada. Masu iya magana sun ce, kowa ya bar gida, gida ya bar shi.

Daga ƙarshe, ina roƙon malamanmu na darasin tattalin gida su sa wannan burodi cikin abin da ake koya mana, maza da mata. Ɗalibin da ya iya shi zai sayi ayabar mai talla da rahusa lokacin hutu, ya gasa ya sayar, ya sami kuɗin sabulu da littafi ba tare da ya matsa wa mahaifinsa ba. Ita ma mai tallar ta rage asara.

Allah ya sa mu gane, amin.