Birkin Gaba Ba Wurin Tsumi Ba Ne

'Yan uwa ɗalibai, duk wanda ya san ƙauyukan Shanono ya san darajar tsohuwar Hilux ko Land Cruiser mai jan ƙafa huɗu. Ita ke kai taki gona, ita ke kwaso hatsi, ita ce motar asibiti in naƙuda ta zo da tsakar dare. Amma inji ake lallaɓawa, birki kuwa sai ya fara kuka ake tunawa da shi.

In direba ya taka birki, nauyin mota gaba yake komawa, shi ya sa birkin gaba ke yin fiye da rabin aikin tsayawa. Ga lodi, ga yashi da lakar damina suna cin fad ɗin. Sabo yakan kai kaurin milimita 10 zuwa 12. In ya sauko 3, lokacin canji ya yi. Wanda ya jira sai ƙarfe ya goga ƙarfe, ya ci faifan birkin ma.

Za a ce ai babu kuɗi. Gaskiya ne, rayuwa ta yi tsada. To amma je ka Ƙofar Ruwa ka tambayi kuɗin fad da na faifai, ka gwada. Shi kuwa jabu, da ya ɗau zafi sai ya daina kamawa. Araha dai ba ta ado.

Aikin kansa ba wuya, ƙa'ida yake so. A canza ɓangarorin biyu tare, don in ɗaya aka canza mota za ta riƙa fizga gefe. Kar a dogara da jak kaɗai, a tokare motar. Kar a bar kalifa tana reto a jikin tiyon man birki. In an gama, a tattaka birkin har ya yi tauri kafin a motsa, domin takun farko yakan tafi ƙasa ba kamu.

Mu da muka yi SIWES a gareji mun san wannan. Ina kira ga ƙungiyar ɗalibai ta shirya duba birki kyauta a tashoshin garuruwanmu lokacin hutu, tare da makanikan wurin, cikin ladabi, don sun riga mu riƙe sifana. Difloma da ba ta amfani mutanen gida ba, takarda ce kawai.