Sharhi: Tsadar Fetur da Motoci Masu Haɗa Mai da Lantarki a Yankin Noman Rani na Kura da Bunkure

Tun daga ranar 29 ga watan Mayu na shekarar 2023, lokacin da Shugaban Ƙasa Bola Ahmed Tinubu ya sanar da janye tallafin man fetur a jawabinsa na kama mulki, lissafin tafiye-tafiye ya sauya wa kowane magidanci a Jihar Kano. Litar fetur da ake sayarwa ƙasa da Naira 200 ta haura Naira 500 cikin 'yan kwanaki. A watan Yuli na wannan shekara ta kai Naira 617 a gidajen man NNPC da ke Abuja, sannan a watan Oktoba na shekarar 2024 ta zarce Naira 1,000 a sassa da dama na ƙasar nan. Ko da yake farashin ya ɗan sassauta a shekarar 2025 bayan matatar Dangote ta fara fitar da fetur, zamanin mai na araha ya riga ya wuce, kuma duk mai abin hawa ya shaida haka a aljihunsa.

Al'ummar ƙananan hukumomin Kura da Bunkure da Garun Malam na daga cikin waɗanda abin ya fi shafa, domin rayuwarsu ta ginu ne a kan zirga-zirga. Tun bayan da aka kammala Madatsar Ruwa ta Tiga a shekarar 1974, aikin da aka yi a zamanin mulkin marigayi Audu Baƙo, ruwan da ke gangarowa ta manyan magudanai ya mayar da wannan yanki cibiyar noman shinkafa da alkama da tumatir da albasa. Manomi na kai kaya kasuwar Kwanar Gafan, mai injin cashin shinkafa a Kura na neman masu saye a Dawanau, malamin gona na zagaya gonakin Kadawa, ma'aikacin ƙaramar hukuma kuma na safara tsakanin birni da sakatariya. Dukkansu da fetur suke motsawa.

Wannan ne ya sa hankalin wasu ma'aikata da 'yan kasuwa ya fara karkata ga motocin da ake kira haibirid, wato masu haɗa injin fetur da na lantarki, waɗanda ake shigowa da su a matsayin tokumbo. Tambayar da ya kamata a yi kafin a zuba kuɗi ita ce: shin wannan mota za ta rage wa mutumin Bunkure kuɗin mai kamar yadda take rage wa mazaunin biranen Japan ko Amurka? Amsar ita ce za ta iya, amma rabin ribar na hannun direba da bakanike.

Yadda motar ke aiki

Kamfanin Toyota ne ya fara fitar da irin wannan mota kasuwa da yawa, da samfurin Prius a ƙasar Japan a watan Disamba na shekarar 1997. Daga baya aka sanya fasahar a cikin Camry da Highlander da Lexus RX, waɗanda duk sanannu ne a titunan Kano. Motar tana da injin fetur kamar kowace mota, tana kuma da injin lantarki da babban batir a bayan kujerar baya ko ƙarƙashinta. Idan mota ta tsaya, injin fetur yakan mutu da kansa. Idan za ta tashi a hankali, lantarki ne ke jan ta. Idan kuma direba ya taka birki, injin lantarkin yakan koma janareto, ya mayar da ƙarfin gudun motar ya zama caji a cikin batir, maimakon ya ɓace a matsayin zafi a jikin birki.

Abin lura ga mutanen karkara shi ne, galibin waɗannan motoci ba a jona su da wutar lantarki. Da kansu suke yi wa batirinsu caji suna cikin tafiya, saboda haka ƙarancin wuta a garuruwanmu ba ya hana amfani da su.

Hukumar kare muhalli ta Amurka ta ƙiyasta cewa Prius ƙirar 2004 zuwa 2009 na cin kusan kilomita 20 da lita ɗaya, alhali Corolla mai fetur zalla ta wancan zamani na cin kimanin kilomita 12. Waɗannan alƙaluma na sabuwar mota ne a kan titi mai kyau. Motar da ta shekara goma sha biyar tana aiki ba lallai ta kai haka ba.

Don a ga girman abin, bari mu ɗauki misali. A ce ma'aikaci na tafiya daga Kano zuwa Kura, kimanin kilomita 30, ya dawo, kwana 22 a wata. Jimillar tafiyarsa kilomita 1,320 ke nan. Motar da ke cin kilomita 10 da lita za ta sha lita 132, wadda ke cin kilomita 18 kuwa lita 73 za ta sha. Idan aka ƙaddara lita a kan Naira 1,000, bambancin ya kai Naira 59,000 a wata. Mafi ƙarancin albashin da Gwamnatin Jihar Kano ta amince da shi a shekarar 2024 Naira 71,000 ne. Ke nan abin da ake magana a kansa ya kusa albashin ƙaramin ma'aikaci na wata guda.

Irin hanyoyinmu

Motar haibirid ta fi nuna amfaninta a inda ake yawan tsayawa da tashi, kamar cunkoson shiga Kano ta Na'ibawa, ko ranar kasuwa a Kura da Bunkure. A nan ne injin fetur ke samun hutu, birki kuma ke cika batir. A kan babban titin Kano zuwa Zariya kuwa ribar tana raguwa, domin a tsofaffin samfurori da zarar gudu ya wuce kimanin kilomita 70 a awa injin fetur ba ya daina juyawa. Bugu da ƙari, iskar da mota ke ketawa tana ƙara nauyi matuƙa yayin da gudu ke ƙaruwa. Ma'aikatar makamashi ta Amurka ta yi bayanin cewa shan mai yakan ƙaru da sauri idan aka haura kilomita 80 a awa. Dokar hanya ta ƙasar nan ta ƙayyade wa ƙananan motoci kilomita 50 a cikin gari, 80 a babbar hanya, 100 a tagwayen hanyoyi. Wanda ya kiyaye wannan doka ya tsare ransa, ya kuma tsare kuɗinsa. Sannu ba ta hana zuwa.

Hanyoyin cikin gonaki da ke bin gefen magudanan ruwa suna da tasu matsalar. Tazarar cikin Prius da ƙasa ba ta wuce kimanin santimita 14 ba, kuma wayoyin babban lantarki, masu launin ruwan lemo, ta ƙarƙashin motar suke bi. Da damina, ko lokacin da ruwa ya ɓalle daga magudana ya malale hanya, kuskure ne babba a tsunduma irin wannan mota cikin ruwa mai zurfi. Haka nan nauyin da aka ƙayyade mata, har da mutanen da ke ciki, bai wuce kimanin kilo 370 ba. Buhun shinkafa shanshera uku da direba sun cika wannan adadi. Wanda sana'arsa ɗaukar kwandunan tumatir ce ya nemi a-kori-kura.

Abin da ke hannun direba

Na farko shi ne taka totur da birki. Direban da ya hango shingen jami'an tsaro ko tudun rage gudu tun daga nesa, ya ɗaga ƙafa, ya taka birki a hankali na dogon lokaci, yana mayar da ƙarfin gudunsa cikin batir. Wanda ya taho a guje ya take birki lokaci ɗaya kuwa ya zubar da wannan riba, domin batir ba ya iya karɓar caji mai yawa a cikin daƙiƙa biyu. Ma'aikatar makamashi ta Amurka ta ƙiyasta cewa tuƙin ganganci na iya ƙara asarar mai da kashi 10 zuwa 40 cikin 100 a cunkoson gari.

Na biyu shi ne giya. Direbobinmu da yawa sun saba sakin mota a firi a gangare ko a cunkoso don su rage shan mai. A motocin haibirid na Toyota, idan aka sanya giya a N batir ba ya samun caji ko kaɗan, kuma idan aka daɗe a haka da na'urar sanyi a kunne batirin zai yi ƙasa. A bar ta a D yayin tafiya, a sanya P idan tsayuwar za ta yi tsawo. Giyar B kuma an yi ta ne don doguwar gangara, amfani da ita a shimfiɗaɗɗen titi ƙarin shan mai ne.

Na uku shi ne gajerun tafiye-tafiye. Injin da bai ɗumama ba ya fi shan mai, kuma motar takan bar shi a kunne har sai ya yi zafi. Gara a haɗa saƙonni uku a fita ɗaya da a tayar da mota sau uku. Al'adar barin mota tana aiki minti goma da safe wai don ta ɗumama ba ta da amfani a nan.

Na huɗu shi ne na'urar sanyi. A watannin Maris zuwa Mayu, lokacin da zafi kan kai digiri 40 a Kano, na'urar na jan ƙarfi mai yawa daga batir, injin fetur kuma ya tashi don ya biya. A ajiye mota a inuwa, a buɗe tagogi zafin ciki ya fita kafin a kunna sanyi. Sai dai kada a kashe na'urar gaba ɗaya a tsakiyar rana, domin da iskar cikin mota ake sanyaya babban batir.

Na biyar shi ne iskar taya da kaya. A auna iskar taya wurin mai faci aƙalla sau ɗaya a wata, da safe kafin taya ta yi zafi, bisa adadin da aka rubuta a jikin ƙofar direba. A sauke duk kayan da ba a buƙata daga but, a kuma guji ɗaure kaya a saman mota.

Ƙura, zafi da batun gyara

Babban maƙiyin batirin haibirid shi ne zafi. Akwai wata 'yar fanka da ke zuƙo iska ta wata kafa a gefen kujerar baya, ko a bayanta, tana hura wa batir. Ƙurar hunturu da ƙaiƙayin shinkafa da ke tashi lokacin girbi suna toshe wannan fanka, fasinja ma kan rufe kafar da babbar riga ko jaka ba tare da ya sani ba. Batirin da ya yi zafi yakan rage aiki, injin fetur ya ɗauki nauyin duka, shan mai ya ƙaru, daga ƙarshe batirin ya lalace. Wanke wannan fanka a ƙarshen kowane hunturu aiki ne mai araha, canjin batir kuwa na iya cinye ribar man da aka tara a shekara. Rigakafi ya fi magani.

Haka zalika, kada a bari mai ya ƙare ƙaf a tanki a ci gaba da tafiya da lantarki, domin da babban batir ake tayar da injin, kuma idan ya mutu ba a tura motar ta tashi. A kuma yi hattara da man 'yan bumburutu. Idan ba a manta ba, a watan Fabrairu na shekarar 2022 an shigo da gurɓataccen fetur mai yawan sinadarin metanol ƙasar nan, wanda ya lalata injunan motoci da dama.

Batun bakanike shi ne mafi muhimmanci. Batirin Prius ƙirar 2004 zuwa 2009 na ɗauke da ƙarfin lantarki sama da bolt 200, wanda ke iya hallaka mutum. Bai halatta wanda bai samu horo ba ya taɓa wayoyi masu ruwan lemo. Hatta mai cika gas na na'urar sanyi sai ya san cewa kwamfuresar waɗannan motoci ta lantarki ce, tana da nata mai na musamman, kuma man da ake zuba wa sauran motoci yana lalata ta. Mai shirin sayen tokumbo ya tuna cewa garantin da Toyota ta bayar a Amurka kan batirin tsofaffin samfurori na shekara 8 ne ko mil 100,000, kuma yawancin motocin da ke iso mana sun daɗe da wuce wannan wa'adi. A nemi a jona motar da na'urar bincike a ga lafiyar batir kafin a biya kuɗi, domin araha ba ta ado.

Kira ga shugabanni da jama'a

Shugabannin ƙananan hukumomi da daraktocin ayyuka na da rawar da za su taka. Kafin a sayi kowace motar aiki, ya dace a dubi irin hanyar da za ta riƙa bi. Motar da za ta yi safarar takardu tsakanin sakatariya da ma'aikatun birni za ta amfana da wannan fasaha, wadda za ta shiga gonaki da damina kuwa tana buƙatar tsawo da ƙarfi. Ya kuma dace kowace motar gwamnati ta kasance da littafin da ake rubuta litar da aka sha da kilomitar da aka ci, domin da shi ne za a gane direba mai tattali da motar da ta fara rashin lafiya. Sannan shirye-shiryen koya wa matasa sana'o'i su haɗa da gyaran lantarkin mota, ta yadda mai mota a Bunkure ko Rano ba sai ya jawo ta har Ƙofar Ruwa ba saboda ƙaramar matsala.

Su kuma ƙungiyoyin direbobi da na manoma masu amfani da ruwa, yana da kyau su riƙa wayar da kan mambobinsu a tarurrukansu. Yawancin shawarwarin da aka kawo a sama, kamar rage gudu da auna iskar taya da sauke kayan da ba dole ba, suna amfanar mai Golf da mai Sharon da mai babur kamar yadda suke amfanar mai haibirid. Duk litar da aka tsimi kuɗi ne da za su koma ga taki da iri da karatun yara.

Allah Ya ba mu damina mai albarka da rani mai amfani, Ya kuma tsare mu a kan hanyoyinmu, amin.