Ciwon dajin da ba a saba gani ba: Me ya sa yankan farko ke yanke makomar majinyaci a Dutsi?

A watan Yulin 2025 ne gwamnatin tarayya ta ƙaddamar da cibiyar kula da masu ciwon daji a Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Katsina, tare da wasu guda biyu a Inugu da Benin. An yi aikin ne da haɗin gwiwar hukumar zuba jari ta ƙasa, NSIA, a ƙarƙashin jagorancin Ministan Lafiya Farfesa Muhammad Ali Pate.

Ga mutanen shiyyar Daura, wannan babban sauƙi ne. Kafin nan, wanda likita ya rubuta wa gashi sai ya nufi Zariya ko Sakkwato ko Abuja, ya yi makonni yana kwana a wajen 'yan uwa ko a harabar asibiti, wani lokaci ma ya tarar na'urar ta lalace.

Sai dai ba a ɗora majinyaci a kan na'urar gashi sai an san sunan cutarsa. A nan gizo ke saƙar ga mazauna ƙananan hukumomi irin su Dutsi, musamman waɗanda dajinsu ba irin wanda aka saba gani ba ne, ko kuma ya ɓulla a wurin da ba a zata ba. Sau da yawa makomarsu tana tabbata ne tun kafin su ga ƙofar Katsina, a ranar da aka fara sa wa kumburin wuƙa.

Wane ne dajin da ba a saba gani ba?

Ƙididdigar hukumar binciken ciwon daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta nuna cewa a 2022 an samu kimanin mutum 128,000 da suka kamu da cutar a Najeriya, yayin da kusan 80,000 suka rasu. Waɗanda suka fi yawa su ne sankarar mama, da ta furostet ta maza, da ta bakin mahaifa. Su ne ake yawan wayar da kai a kansu a rediyo.

Bayan su akwai nau'o'i masu tarin yawa da kowannensu bai cika faruwa ba. A Turai, ana sa ciwon daji a wannan rukuni idan bai kai mutum 6 cikin 100,000 yake kamawa a shekara ba. Amma idan aka haɗa su duka, sun kai kusan kashi ɗaya bisa huɗu na dukkan ciwon dajin da ake samu a can.

Ƙidayar 2006 ta ba Dutsi kimanin mutum 120,000. Ko da yawan jama'a ya ninka tun daga lokacin, wasu nau'o'in ba za su wuce mutum ɗaya ko biyu a shekara ba a duk faɗin ƙaramar hukumar. Ma'aikacin lafiya na iya shafe shekaru bai ci karo da irinsu ba. Ranar da ya gani kuwa, abin da ya saba gani shi zai fara zo masa a rai: maruru, ko gyambo, ko tarin fuka, ko targaɗe.

An bar jaki ana dukan taiki

Ciwon daji yana da uwa, wato wurin da ya fara tsira. Daga nan ƙwayoyinsa kan bi jini ko hanyoyin kaluluwa su je wani wuri su kafa reshe. Yawanci sukan sauka a hanta ko huhu ko ƙashi ko ƙwaƙwalwa. Wani lokaci reshen ne ke fara bayyana, uwar tana ɓoye.

A ɗauki misalin dattijuwar da ta shekara goma da maƙoƙo ba ya damun ta, sai wani kumburi mai laushi ya fito mata a ka. Akwai nau'in sankarar maƙoƙo da ke bin jini ya sauka a ƙashin kai, kuma likitoci a Najeriya sun sha rubuta rahoton irinsa. Kumburin cike yake da jijiyoyin jini, ya kuma riga ya cinye ƙashin da ke ƙarƙashinsa. Duk wanda ya tsaga shi a zaton maruru ne, zubar jinin kaɗai na iya halaka ta. Maganinsa yana farawa ne daga wuya, inda ake cire maƙoƙon baki ɗaya, sannan a bi da wani maganin aidin na musamman.

Ko kuma matashiyar da ta yi ɓari, bayan wasu watanni ta fara tarin jini. Kowa tarin fuka zai kawo. Amma akwai dajin da ke tsirowa daga ragowar mabiyiya, wanda ke saurin tafiya huhu. Gwajin ciki na fitsari, irin wanda ake sayarwa a kemis, na iya tona asirinsa, domin zai nuna kamar tana da ciki alhali babu. Wannan daji na cikin waɗanda suka fi jin magani, ko da ya yaɗu, kuma galibi ba ya buƙatar wuƙa. Watannin da za a ɓata ana ba ta maganin tarin fuka su ne ke cin ta.

Akwai ƙullutu mai tauri da ke fitowa a cibiya, a ɗauka ƙaba ce, alhali reshe ne daga ciki ko hanji ko ƙwan mace. Akwai kaluluwa mai tauri a gindin wuya ta ɓangaren hagu, wadda kan zama saƙon farko daga dajin tumbi.

Wasu kuma uwar ce a fili, amma ta yi shigar burtu. Tsohon tabon ƙuna ko gyambon da ya ƙi warkewa shekara da shekaru na iya rikiɗewa ya zama daji. Baƙin tabo a tafin ƙafar manomi, wanda ake cewa ƙaya ce ta soke shi, na iya zama melanoma. Saurayin da gwiwarsa ta kumbura bayan ya faɗi a wajen ƙwallo, aka kai shi wurin mai ɗori, ƙila sankarar ƙashi ce ta raunana ƙafar tun kafin faɗuwar. Jaririn da ƙwayar idonsa ke walƙiya fari kamar ta kyanwa da dare, sankarar ido ce ake tsoro, kuma idan an yi sauri ana ceton ransa.

Shin da gaske daji ba ya son ƙarfe?

Sananniyar magana ce a ƙasar Hausa cewa daji ba ya son allura, ba ya son ƙarfe. Mutane sun ga an yi wa wani aiki, bayan wata uku abin ya dawo ya fi da, ya kwanta dama. Abin da suka gani gaskiya ne. Fassarar ce ke da gyara.

Dalili na farko shi ne yawancin majinyata suna isa hannun likitan tiyata ne bayan cutar ta riga ta yaɗu, sai laifin ya faɗa kan wuƙa. Na biyu shi ne yankan da aka yi ba tare da shiri ba.

Ƙa'idar tiyatar daji ita ce a cire ƙarin ɗungurungum ba tare da an fasa shi ba, haɗe da lafiyayyen naman da ke kewaye da shi. Kafin nan sai an ɗauki hoto an ga zurfinsa da jijiyoyin da ya taɓa, an kuma ɗebi ɗan ƙaramin yanki da allura an gwada. Wannan allurar, idan ƙwararre ne ya yi ta, haɗarinta kaɗan ne ƙwarai. A wasu nau'o'in ma ana tsara hanyar da za ta bi domin a cire wurin tare da ƙarin a ranar aiki.

Sakoma, wato dajin tsoka da kitse da ƙashi, shi ya fi shan wahalar yankan ganganci. Yakan fito kamar kitsen da ya taru a cinya ko kafaɗa, babu zafi. Idan wanzami ya yi masa sakiya, ko aka ɓare shi a ƙaramin ɗakin tiyata kamar ana ɓare gyaɗa, ƙwayoyin sukan watsu a duk faɗin raunin. Aiki na biyu dole ya fi na farko girma, kuma ƙafar da da za a iya ceto sai ta kai ga yankewa.

Shi ya sa likitocin wannan fanni suka sa iyaka mai sauƙin riƙewa: kumburin da ya wuce santimita 5, wato kamar girman ƙwan kaza, ko yake ƙaruwa, ko yake can cikin tsoka, ko ya dawo bayan an cire, a tura shi babban asibiti kafin a taɓa shi.

Ko bayan daji ya yaɗu, tiyata ba ta rasa amfani. Akan cire reshen dajin hanji daga hanta wasu su warke. Akan yi aikin gaggawa a ƙashin baya domin kada mutum ya shanye, akan kuma sa ƙarfe a ƙashin da ke shirin karyewa. Amma duk wannan sai an san uwar.

Kwalbar da ba ta isa Katsina ba

Wanda ke raɗa wa daji suna shi ne likitan binciken tsoka, wanda ke yanka naman siriri ya rina shi ya duba a madubin likita. Idan reshe ne aka kawo masa, yakan buƙaci wani gwajin rini na musamman da ke nuna ko daga mama ya taso, ko maƙoƙo, ko hanji. Gwajin na da tsada, kuma ba kowane asibiti ke yin sa ba. Ko a ƙasashe masu arziki, akwai 'yan kaɗan da ake gama bincike ba a gano uwar ba.

Irin waɗannan likitoci sun yi ƙaranci. Mujallar likitoci ta Lancet ta ƙiyasta a 2018 cewa a Afirka kudu da Sahara likita ɗaya ne ga kimanin mutum miliyan ɗaya. Waɗanda ake da su a wannan yanki suna manyan asibitoci ne kamar na Katsina, da na Malam Aminu Kano, da na Shika a Zariya.

Tsakanin ƙauye da waɗannan wurare, naman da aka cire na iya salwanta ta hanyoyi da dama. Wani a jefar da shi saboda an ɗauka kitse ne. Wani iyali su karɓa su binne, don girmama jikin ɗan Adam. Wani a miƙa wa ɗan uwan majinyaci a kwalba a ce ya kai birni, ya lissafa kuɗin mota da na gwaji, ya ga ai mara lafiya ya samu sauƙi, ya ajiye. Wani kuma a zuba shi a ruwan da bai dace ba. Ƙa'ida ita ce a tsoma shi nan take a ruwan fomalin wanda ya ninka girmansa kamar sau goma, in ba haka ba ya lalace kafin ya isa.

Idan aka rasa wannan nama, an rasa shaidar. Ranar da cutar ta dawo, likitan Katsina zai fara ne daga tushe, da majinyacin da jikinsa da aljihunsa suka riga suka raunana.

Wa zai biya?

Asusun tallafa wa masu ciwon daji na gwamnatin tarayya, wanda aka fara a 2021, an buɗe shi ne da nau'i uku: mama, bakin mahaifa da furostet. Akwai hujja, tunda su suka fi yawa. Amma hakan na nufin mai sakoma ko melanoma ya fara ne a wajen layi. Aiki ne a gaban cibiyar binciken ciwon daji ta ƙasa, NICRAT, wadda Farfesa Usman Malami Aliyu ke jagoranta, ta duba yadda za a shigo da su, ko da a matakin gwaji ne kawai.

Matsalar tiyata kuwa ta duniya ce. Wani kwamitin masana na mujallar Lancet ya bayyana a 2015 cewa sama da kashi 80 cikin 100 na masu ciwon daji za su buƙaci aiki, amma waɗanda ke samun sa cikin aminci, a kan lokaci, da kuɗin da za su iya biya, ba su kai kashi 25 ba.

Abin da za a iya gyarawa yanzu

Babu mai tsammanin a kai likitan sakoma Dutsi ko Mashi ko Mani. Abin da ake buƙata ya fi wannan araha.

Gwamnatin Malam Dikko Umaru Raɗɗa ta yi alkawarin samar da cibiyar lafiya mai aiki a kowace daga cikin mazaɓu 361 na jihar. Waɗannan cibiyoyi su ne idon farko. Ma'aikacin da ke cikinsu yana buƙatar gajeren jerin alamomin da idan ya gani zai tura gaba, da lambar wayar likitan da zai aika wa hoto ya nemi shawara.

Asibitocin da ke yin tiyata kuma su mayar da shi doka cewa duk naman da aka cire sai an gwada, kuma asibiti ne zai aika, sakamako ya dawo ta waya. Shirin yaƙi da tarin fuka ya daɗe yana ɗaukar majina daga ƙauyuka zuwa wuraren gwaji a kan babur. Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Daura na iya zama matattarar irin waɗannan kwalabe daga ƙananan hukumomin da ke kewaye. Hukumar taimakekeniyar lafiya ta jihar kuma na iya ɗauke kuɗin gwajin daga wuyan iyali.

Wanzamai da masu ɗori ma suna cikin lissafi, domin su ake fara kai wa. Sarkin Aska da ya san kumburin da bai kamata ya taɓa ba zai ceci ƙafafu da rayuka. Malamai kuma na iya fayyace wa jama'a matsayin jinkirta binne naman da aka cire har sai an gwada shi.

Iyalin da aka ce za a yi wa nasu aiki suna da tambayoyi uku da ya kamata su yi kafin su sa hannu: An san ko mene ne wannan kumburin? Ina za a kai abin da aka cire? Yaushe za a karɓi sakamako? Su kuma adana takardar sakamakon kamar takardar gona, domin ita ce abu na farko da za a nema a Katsina.