Nasiha Ga Iyayen Masu Neman Digiri Na Biyu a Ilmin Zaman Jama'a

Malamai da 'yan kasuwa na ƙasar Kazaure da Roni da Gwiwa da Babura, ga wata magana wadda ta kamata a tsaya a auna ta. Yara da yawa na wannan yanki sun gama digiri na farko, sun yi hidimar ƙasa, sa'an nan sun komo gida suna roƙon iyaye su ɗauki nauyin digiri na biyu, wasunsu a fannin da Turawa ke kira soshiyoloji, watau ilmin zaman jama'a. Uba kuwa, ko mai tsangaya ne ko mai rumfa a kasuwa, shi zai sayar da hatsi ko sa ya biya, alhali sau da yawa ba ya sanin abin da yake saye. Wannan cinikin biri a sama ne, bai kuwa dace da mai hankali ba.

Da farko, kada malami ya zaci wannan fanni baƙo ne. Ibn Haldun, wanda aka haifa a Tunis a 1332 ya rasu a Alƙahira a 1406, ya rubuta Muƙaddima a 1377, ya yi bayanin zaman ƙauye da na birni, da asabiyya, da dalilan tashin dauloli da faɗuwarsu. Sai bayan shekara fiye da 400 wani Bafaranshe, Auguste Comte, ya raɗa wa fannin sunan da ake kiransa da shi yau. Saboda haka neman wannan ilmi ba aibu ba ne. Abin dubawa shi ne inda za a neme shi, da hannun wanda za a karɓe shi.

Sharaɗi na ɗaya shi ne ingancin takarda. Malamai sun san ijaza ba ta da daraja sai da sanadinta. Haka digiri yake: sanadinsa shi ne amincewar Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa, NUC, ga jami'ar da kuma ga fannin kansa. A Janairun 2024 Gwamnatin Tarayya ta dakatar da tantance takardun digiri daga ƙasashen Benin da Togo, bayan wani ɗan jarida ya samo digiri a Kwatano cikin mako shida kacal. Waɗanda suka bi araha da sauri suka kai 'ya'yansu irin waɗannan wurare, yanzu takarda na hannu, amfani babu. Araha ba ta ado.

Sharaɗi na biyu shi ne sanin irin digirin, domin iri biyu ne. Akwai na bincike, wanda ake kira M.Sc., inda ɗalibi zai yi darussa kana ya rubuta kundi a ƙarƙashin malami mai duba shi. Wannan shi ne tsanin hawa digiri na uku da koyarwa a jami'a. Akwai kuma na ma'aikata, wanda galibi ake yi a ƙarshen mako, kuɗinsa ya fi yawa, kuma a bisa al'ada ba ya kai mutum digiri na uku kai tsaye. Mai albashi da ke neman ƙarin girma a ofis, na biyun zai iya isarsa. Amma yaron da ba shi da aiki, wanda ubansa ke biya daga gumin kasuwa, na binciken ya fi masa rahusa da nisan amfani.

Sharaɗi na uku shi ne lissafin kuɗi na gaskiya. Ɗan kasuwa ba ya cewa ya san farashin buhu sai ya haɗa da kuɗin mota da dako. Kuɗin makaranta ɓangare ne kawai. Akwai haya, da abinci, da zirga-zirga, da buga kundi. A nan mutanen wannan yanki suna da sa'a. Kwalejin Fasaha ta Tarayya ta Hussaini Adamu da ke Kazaure da Jami'ar Fasaha ta Tarayya da aka kafa a Babura a 2021 sun fuskanci kimiyya da sana'a ne, amma Jami'ar Bayero ta Kano, wadda ta zama cikakkiyar jami'a a 1977, tana da tsohon sashen wannan fanni, tsakaninta da Kazaure kuwa bai kai kilomita 100 ba. Wuya a sami gidan ɗan kasuwa a nan wanda ba shi da ɗan'uwa ko maigida a Kano inda yaro zai sauka. Bayan ta akwai Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, wadda aka buɗe a 1962, da ta Usmanu Ɗanfodiyo ta Sakkwato, ta 1975.

To, amma adalci ya wajabta a faɗi aibin jami'o'in gwamnati, shi ne ɓata lokaci. A 2022 ƙungiyar malaman jami'a, ASUU, ta yi yajin aiki daga Fabrairu zuwa Oktoba, wata takwas cur. Lokaci kuwa dukiya ce. Duk da haka, jami'o'in 'yan kasuwa, ko da sun fi sauri, kuɗinsu ya fi ƙarfin akasarin gidaje. Maganin abin shi ne tambaya tun kafin biya: yaro ya sami waɗanda suka gama a sashen, ya ji shekara nawa suka yi, ya ji ko mai duba kundi yana zama a ofis yana karanta abin da aka kai masa. Almajiri nagari malami yake bi, ba tsawon ginin makaranta ba.

Sharaɗi na huɗu shi ne abin da za a bincika. Polly Hill, Baturiyar Ingila, ta zauna a Batagarawa kusa da Katsina, ta fitar da littafinta a kan zaman manoman Hausa a 1972, har yau ana karanta shi a jami'o'in duniya. In baƙuwa ta yi haka, ɗan ƙasa ba shi da uzuri. Ga Babura a bakin iyakar Nijar, inda rufe iyaka na 2019 da na 2023 suka girgiza fatauci. Ga cirani, ga zaman manoma da makiyaya a Roni da Gwiwa, ga halin tsangayu. Wanda ya yi bincikensa a gida ya rage kuɗin tafiya, ya kuma amfani jama'arsa.

Saboda haka, kafin uba ya kwance bakin jaka, lalle ya zaunar da ɗansa ya tambaye shi waɗannan abubuwa huɗu. In ya amsa da hujja, a biya da zuciya ɗaya. In ya kasa, to ya dakata shekara guda, ya kama rumfa, ya ƙara bincike, gama jinkiri ya fi asara sauƙi. Allah Ya sa a dace, amin.