Yawan Taki Ba Shi Ne Kula Da Fure Ba

Sanin kowa ne cewa ma'aikata da yawa da ke zaune a gidajen gwamnati suna da ɗan lambu a ƙofar gida, haka kuma makarantu ba su rasa nasu. Daga cikin furannin da suka cancanci wuri a irin wannan lambu akwai tubaros, wani farin fure mai dogon kara, wanda ƙamshinsa kan gauraye gida da daddare. Asalinsa daga ƙasar Meziko yake, ya shiga Turai a ƙarni na 16, yau kuwa ana nomansa a Indiya da Masar da garin Giras na Faransa saboda masu yin turare. Indiyawa suna kiransa rajanigandha, watau ƙamshin dare.

Abin takaici shi ne yadda wasu ke hallaka wannan shuka da sunan kula da ita. Maigida ya dawo daga gona da ragowar yuriya, sai ya miƙa wa yaro ya ce ya zuba wa fure. Bayan makonni kaɗan ganye ya yi kore shar, ya yi tsawo, amma babu fure. In ma ya fito, karan ba shi da ƙarfi, iska kaɗan ta kwantar da shi. Dalili kuwa shi ne yuriya ganye take ginawa. Fure da saiwa suna bukatar wasu sinadarai biyu da ake samu a kamfa da sufa da tokar murhu. Lalle zafin nema ba ya kawo samu.

Tubaros shuka ce mai ci, babu musu, amma a kan ƙa'ida. Abincinta na farko shi ne takin gargajiya. Kamar mako 2 kafin shuka, a kaftu wurin, a cuɗa ƙasa da kashin shanu wanda ya ruɓe sarai. Ɗanyen kashin kaji ƙona saiwa yake yi, a guje shi. Sa'an nan a binne kan, wanda ya yi kama da albasa, zurfin santimita 5, da tazarar santimita 20 zuwa 30, a inda rana ke bugu kuma ruwa ba ya kwanciya.

Takin zamani sai ganye ya fito ya kama ƙasa. A lokacin ne za a zagaya kowane gindi da cokalin shayi guda na kamfa mai lamba 15:15:15, nesa da kara, a rufe da ƙasa, a ba da ruwa nan take. Kada a zuba taki a busasshiyar ƙasa ko da tsakar rana. A maimaita bayan mako 4 zuwa 6. Wanda ya shuka a farkon damina, cikin Mayu ko Yuni, zai iya ganin fure bayan wata 3 zuwa 4.

Akwai kuma kuskuren da ake yi bayan an yanke fure, watau a sare ganyen wai don tsabta. Ganyen nan shi ne ke tara wa kan abincin baɗi. A bar shi har ya yi rawaya don kansa. Daga nan a dakatar da taki, a rage ruwa, shuka ta huta da hunturu.

Mai yiwuwa wani ya ce ina ruwan jama'a da fure alhali taki ya yi tsada, manomi na nemansa ruwa a jallo. Wannan magana ita ce ma hujja. Takin da ake barbaɗawa ba awo dukiya ce ake zubarwa, kuma ɗalibin da ya saba da haka a lambun makaranta haka zai yi gobe a gonar masara. Saboda haka ya kamata malaman aikin gona su mai da kwamin fure wurin koyar da awo da kiyaye lokaci, magidanta kuma su daina barin taki a hannun wanda ba a nuna masa ba. Wanda ya iya ciyar da gindin fure guda a kan ƙa'ida, ba zai yi wa eka guda ɓarna ba.