Ƙuruciya Ba Aƙida Ba Ce: Shekara Huɗun Saira Blair A Majalisa

A watan Mayun 2014, wata yarinya 'yar shekara 17 mai suna Saira Blair, wadda ko bikin kammala sakandare ba ta yi ba, ta kayar da ɗan majalisa mai ci a zaɓen fid da gwani na jam'iyyar Republican a mazaɓa ta 59 ta jihar West Virginia a Amurka. Wanda ta kayar, Larry Kump, dattijo ne da ya haura shekara 65, kuma ya yi zango biyu a kan kujerar. Ta samu ƙuri'a 872, shi ya samu 728. A watan Nuwamba, bayan ta cika 18, ta lashe babban zaɓe da kusan kashi 63 cikin ɗari, ta zama mafi ƙarancin shekaru a cikin 'yan majalisun jihohin ƙasar a lokacin. Jaridu suka yi ca a kanta, mujallar Time ta saka ta a jerin matasan da suka fi tasiri a wannan shekara, jeri ɗaya da Malala. Abin da aka yi ta nanatawa shi ne sabon jini ya shigo siyasa, kuma inda sabon jini ya shiga canji na tafe. Wannan magana ba baƙuwa ba ce a kunnenmu. Ita ce ake rerawa a Najeriya tun kafin Buhari ya sa hannu a dokar rage shekarun tsayawa takara ranar 31 ga Mayun 2018, kuma ta yi karɓuwar da mai ja da ita sai a ɗauke shi maƙiyin matasa. To, ni dai ina ja da ita. Shekarun ɗan majalisa ba sa gaya maka yadda zai kaɗa ƙuri'a, ba sa gaya maka wanda ya buɗe masa ƙofa, kuma shekara huɗun da Saira Blair ta yi a majalisa sun isa hujja.

A fara da ƙofar. Mutum 1,600 ne kacal suka yanke hukunci a zaɓen fid da gwanin, tazarar kuma 144 ce, adadin da bai cika sahu uku na masallacin Juma'a ba. A zaɓe irin wannan, abin da ke aiki shi ne sanin wa ke fitowa ya yi zaɓe, ina gidansa, kuma sunan wa ya saba gani a kan takarda. Mahaifinta, Craig Blair, sanata ne a majalisar jihar a lokacin, ya taɓa wakiltar yankin a majalisar wakilan jihar, daga baya ya riƙe kwamitin kuɗi, ya kuma zama shugaban majalisar dattawan jihar a 2021. Ba na cewa yarinyar ba ta yi aiki ba. Ta zauna ta rubuta wa masu zaɓe wasiƙu da hannunta, ta yi yaƙin neman zaɓe daga ɗakin kwananta na jami'a a Morgantown, ta ajiye zangon karatu don halartar zaman majalisa na kwana 60. Amma a jihar akwai dubban 'yan shekara 17 masu irin wannan himma, 'ya'yan masu haƙar kwal da direbobin manyan motoci, waɗanda ba wanda zai buɗe wasiƙarsu. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Abin da aka yi wa guɗa a matsayin tawayen matasa, idan aka duba, gidan siyasa ne ya ƙara kujera.

Sai abin da ta yi da kujerar. Ta shiga majalisa a kan gaɓa: zaɓen 2014 ne ya ba Republican rinjaye a majalisar wakilan jihar karon farko cikin shekaru sama da 80, kujera 64 cikin 100, a majalisar dattawa kuma aka yi kunnen doki 17 da 17 har wani sanata, Daniel Hall, ya sauya sheƙa. Jam'iyyar ta zo da jerin buƙatun da ta daɗe tana ajiye, kuma tsarin mulkin jihar ya sauƙaƙa mata, domin a West Virginia rinjaye na yau da kullum ya isa a ture ƙin amincewar gwamna a kan yawancin dokoki. A 2015 aka haramta zubar da ciki bayan mako 20, gwamna Earl Ray Tomblin na Democrat ya hau kujerar na-ƙi, majalisa ta tsallake shi. A Fabrairun 2016 aka yi dokar da ta hana a tilasta wa ma'aikaci biyan kuɗin ƙungiyar ƙwadago, jihar ta zama ta 26 da ke da irinta, aka kuma soke dokar da ke ƙayyade albashin ma'aikata a kwangilolin gwamnati. Ƙudirin ƙwadagon ya wuce majalisar wakilai da ƙyar, 54 da 46, wato akwai 'yan Republican da suka bijire wa jam'iyyarsu. Matashiyar ba ta cikinsu. A jihar da dubban masu haƙar kwal suka ɗauki makami a 1921 don neman 'yancin kafa ƙungiya (a wani dutse mai suna Blair, ikon Allah, ko da yake sunan ne kawai ya zo ɗaya), wannan ba ƙaramar ƙuri'a ba ce. Babu ko ɗaya cikin waɗannan dokoki da ya fito daga kan ɗan shekara 18. Irin dokar ƙwadagon nan ta girmi mahaifinta, tun shekarun 1940 wasu jihohin Amurka suke da ita.

Dokar da ta fi ɗauke da sunanta ita ce ta bindiga. A 2016, tana da shekara 19, ita ce ta jagoranci ƙudiri mai lamba 4145, wanda ya ba duk ɗan shekara 21 zuwa sama damar ɓoye bindiga a jikinsa ba tare da lasisi ba, ba tare da horo na dole ba, 'yan 18 zuwa 20 kuma aka ba su hanyar samun lasisin wucin gadi. Ta shaida wa majalisa cewa an sha yi mata barazanar kisa tun da ta shiga siyasa, kuma tana son ta iya kare kanta. Babu dalilin ƙaryata ta. Gwamna Tomblin ya ƙi sa hannu a watan Maris, jami'an 'yan sanda na tsaye kewaye da shi suna mara masa baya, majalisa ta sake tsallake shi cikin kwanaki. Abin lura a nan shi ne an taɓa kawo irin wannan ƙudiri a 2015, ya wuce majalisa, gwamna ya kashe shi bayan an tashi daga zama. Ke nan kayan ba sabo ba ne, mai tallar ce sabuwa. A ganina, jam'iyyar da ta san aikinta ba ta rasa gane cewa ƙudirin bindiga ya fi shiga rai daga bakin budurwa 'yar jami'a da ke cewa tana jin tsoro, fiye da daga bakin ƙato mai furfura. Ƙuruciyar ta yi amfani ƙwarai, sai dai ga waɗanda suka rubuta jerin buƙatun ta yi amfanin.

Mai karatu zai iya cewa ai ra'ayin riƙau ɗinta ne ya tsone mini ido. Ba haka ba ne. A kan zubar da ciki, da yawa daga cikin masu karanta wannan shafi sun fi kusa da ita fiye da abokan hamayyarta. Kuma a yi mata adalci: ba ta yaudari kowa ba. Tun ranar farko ta ce ita mai kare ɗan tayi ce, mai kare haƙƙin mallakar bindiga, mai son a rage wa 'yan kasuwa haraji, kuma abin da ta faɗa shi ta aikata, halin da ya yi ƙaranci a siyasar ko'ina. Laifin yana wuyan masu kallo, waɗanda suka yi wa rogo kallon kitse, suka ga shekara 18 suka karanta "canji" alhali takardar manufofinta na gabansu. Da 'yar Democrat ce ta bi jam'iyyarta sau da ƙafa, hujjar ba za ta sauya ba. Amurka ɗin ta nuna haka: Alexandria Ocasio-Cortez ta shiga majalisar tarayya tana da shekara 29 daga can ƙarshen hagu, Madison Cawthorn ya shiga yana da 25 daga can ƙarshen dama, zango ɗaya ya yi jam'iyyarsa ta yar da shi a 2022. Ma'aunin da ke ba da sakamako biyu masu karo da juna haka bai auna komai ba.

Ƙalubalen da ya fi nauyi shi ne na wakilci. Ana cewa matashi ya san ciwon matasa, don haka ko da bai kawo sabuwar aƙida ba zai kawo damuwarsu zauren majalisa. Saira Blair ta kawo damuwar kuwa. Babban abin da ta yi yaƙin neman zaɓe a kai shi ne tsararrakinta suna gama karatu suna barin jihar saboda babu aiki. Ciwon gaskiya ne. West Virginia ta taɓa ɗaukar masu haƙar kwal sama da 100,000 a tsakiyar ƙarnin da ya wuce, yau ba su kai 20,000 ba, kuma ta shafe shekaru tana kan gaba a Amurka wajen mutuwa ta hanyar shan ƙwaya fiye da kima. Amma sanin ciwo daban, sanin magani daban. Maganin da aka ba ta ta miƙa shi ne a raunana ƙungiyoyin ƙwadago, kamfanoni za su kwararo. Ƙidayar 2020 ta nuna jama'ar jihar sun ragu da kusan kashi 3 cikin ɗari a shekara goma, raguwa mafi girma a ƙasar, har ta rasa ɗaya daga kujerunta uku a majalisar wakilai ta tarayya. A 2021 gwamna Jim Justice, wanda a lokacin ɗan Republican ne, ya faɗa da bakinsa cewa an yi dokar ƙwadagon, an ruga taga ana leƙen masu zuwa, ba su zo ba. Ba zan ɗora raguwar jama'a a kan doka ɗaya ba, matsalar ta girmi dokar, kuma ƙarar da ƙungiyoyi suka shigar ta sa ba a gama shari'a a kanta ba sai 2020. Abin da nake cewa shi ne ƙuruciyar mai goyon bayanta ba ta ƙara wa maganin ƙarfi ba ko da ƙwayar zarra.

Wani abin ban sha'awa, canjin da ya taɓa aljihun matasa masu aiki a zamanin nata daga waje ya zo. A Fabrairun 2018 malaman makarantun gwamnati, waɗanda albashinsu ke cikin mafi ƙanƙanta a Amurka, suka rufe makarantu a dukkan gundumomi 55 na jihar, suka cika harabar majalisa a Charleston na tsawon kwana tara na karatu, har aka ba su ƙarin kashi 5 cikin ɗari. Babu wanda ya tambayi shekarunsu. Akwai 'yan 24 a ciki, akwai 'yan 60, abin da ya haɗa su shi ne takardar albashi da kuɗin inshorar lafiya. Buƙata ɗaya ce ke haɗa mutane su zama ƙarfi. Ɗan attajiri mai shekara 25 da ɗan acaɓa mai shekara 25 ba su haɗa komai ba sai shekarar haihuwa.

Kada a fahimce ni a baibai. Rage shekarun takara daidai ne, domin wanda ya isa ya zaɓa, ya biya haraji, ya mutu a fagen daga, bai kamata a ce bai isa a zaɓe shi ba, kuma masu fakewa da cewa abin da babba ya hango yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba, yawanci kujerarsu suke karewa. Amma haƙƙi ne aka mayar wa masu shi, ba waraka aka samo ba. Dokar Najeriya ta 2018 ta sauko da shekarun shiga majalisar jiha da ta wakilai daga 30 zuwa 25, na shugaban ƙasa daga 40 zuwa 35. Bayan shekara huɗu APC ta sa fom ɗin majalisar jiha naira miliyan 2, na majalisar wakilai miliyan 10, da rangwame ga matasa, kafin a zo kan kuɗin daliget da na fosta da na 'yan rakiya. Ɗan shekara 25 da zai iya ɗaukar wannan, ko dai ɗan gidan ne, ko akwai uban gida a bayansa, kuma uban gida ba sadaka yake yi ba. Mu da muke maganar sabon jini kamar ba mu taɓa gani ba, Gowon yana da shekara 31 ya hau mulki a 1966, Murtala yana da 36 a 1975, hafsoshin da suka yi juyin mulkin Janairun 1966 ma matasa ne. Ƙasar nan ta ɗanɗana mulkin matasa, da zaƙinsa da ɗacinsa.

Akwai abu ɗaya da mutanen West Virginia suka fi mu, kuma shi ne ya ba ni damar rubuta wannan sharhi. Duk ƙuri'ar da Saira Blair ta kaɗa a kan waɗannan dokoki tana rubuce da sunanta, kowa na iya shiga shafin majalisar a intanet ya gani, ƙudiri bayan ƙudiri. A majalisunmu, na jihohi da na tarayya, yawancin al'amura da murya ake yanke su, masu cewa e su yi ihu, masu cewa a'a su yi ihu, shugaba ya buga guduma ya faɗi wanda kunnensa ya ji. Matashin da muka tura can da kiɗa da algaita zai iya shekara huɗu ba wanda ya san inda ya tsaya a kan kasafin kuɗi, ko bashin da gwamna ya ciwo, ko kuɗin ƙananan hukumomi. Da ƙungiyoyin da suka yi fafutukar rage shekaru za su sa rabin wannan ƙarfi wajen neman a rinƙa rubuta ƙuri'ar kowane ɗan majalisa da sunansa, da sun fi yi wa matasa aiki.

Ita kuwa Saira, an sake zaɓenta a 2016, sannan ta sanar cewa ba za ta nemi zango na uku ba, ta bar majalisa a ƙarshen 2018 tana da shekara 22. Dokar bindigar tana nan, dokar ƙwadagon tana nan. Wanda mutanen mazaɓa ta 59 suka zaɓa ya gaje ta shi ne Larry Kump, dattijon nan da ta kayar da ƙuri'a 144, a lokacin ya kai shekara 70.